Gyaɗa Takwas a Aljihun Surukina

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya kawo ɗinki shagona a Sabon Garin Maraɗi, kafin ya kwance ƙullin yadinsa sai ya ce, "To Idi, ƙaƙa Kano?" Wani labarin jirgin ƙasa yake so, wani na kasuwa, wani kuma so yake in rantse masa cewa motocin ƙasar Ingilishi ta hagu suke bi. Nakan ba su abin da ya sawwaƙa, a yi dariya a watse. Amma romo nake ba su, naman yana ƙasan tukunya. Yau na rufe keken ɗinkina da zane, zan rubuta tafiyar yadda ta kasance, har da wurin da ban so a ji.

Surukina na raka, mahaifin matata Dije, mutumin Tsibiri. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba, Baba nake ce masa. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, in aka tara maganar da ta shiga tsakanina da shi ban da gaisuwa, ba za ta kai hirar cin goro ɗaya ba. In na hango shi a hanya sai in ratse. In na je gaisuwa, takalmi a waje, ni a tsugune bakin zaure, ido a ƙasa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, "mutumin Maraɗi" yake cewa. Dije kuwa 'yar fari ce, tsakaninta da shi kunyar ta fi tawa kauri. Haka muka tarar, ban kuma taɓa jin nauyinsa ba, alfahari ma nake yi da shi.

Da daminar da ta wuce Baba ya fara ciwon kai ta ƙeya, da jiri, har wata rana ya faɗi a gona. Muka kawo shi gidan likita a Maraɗi. Bature ya ɗaura masa wani abu a dantse ya yi ta hurawa, ya saurari ƙirjinsa, majo, wato malamin asibitin, ya fassara cewa hawan jini ne, zuciyar kuma ta gaji. Aka rubuta masa ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Da na je taga karɓar kwalbar, Baba yana can waje a inuwa, majon ya riƙe hannun rigata.

Ya ce, "Kai na surukinshi? To saurara. Wagga ƙwaya tana kwantar da jini, amma tana rage ma zuciya gudu. In ya mance wata rana, ya mance ke nan, kar ya rama. In ya haɗa su da yawa, zuciyar na iya tsayawa, don tsohon ga ba ya da sauran ƙarhi. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Da na koma gida na gaya wa Dije, ta ce, "To sai ka hwaɗa mishi." Na ce ke ce ɗiyarsa. Ta ce ni aka ba saƙo. Muka yi ta tura wa juna, daga ƙarshe muka kwantar da hankalinmu da cewa Baba ba ya mantuwa. Ya riga ya ɗaura ƙwayar a jikin sallah, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba, mutumin da ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya fita masallaci. Abin da ba mu tsaya muka auna ba shi ne halinsa game da ramuwa. Kowa a Tsibiri ya san shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara bai san inda kansa yake ba, da ya tashi bai taka gona ba sai da ya rama sallolinsa arba'in da biyar, bi da bi.

Da kaka sai ga saƙo daga Kano. Ƙanwarsa Gwaggo Hassi, wadda aka kai aure Fagge tun kafin a haifi Dije, idonta ya tafi, ta ce tana so ta ji muryar ɗan'uwanta kafin ta mutu. 'Ya'yansa maza suna tsakiyar cirar gyaɗa, ni kuma na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ina iya karanta takarda, sai rakiyar ta faɗo kaina. Da safen da za mu tashi Dije ta miƙo mini ƙullin dakuwa, ta ce, "Ga amanata nan. Maganar majo kuma..." Na ce, "Na sani." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Motar gyaɗa muka samu, ta wani direba Garba, mutum mai tumbi da fara'a, zai kai kaya tashar jirgin Kano. Baba ya shiga gaba, ni na hau sama kan buhuna, na ji daɗin wannan rabo don ba zan rasa inda zan sa idona ba. A nan na yi kuskuren farko. Kwalbar maganin tana cikin akwatin ƙarfen Baba tare da rigarsa ta ado. Don tsoron masu dogon hannu na cusa akwatin can tsakiyar buhuna, ƙarƙashin tanti, ina yaba wa kaina wayo.

A Jiratawa muka ɗauki wani dattijo, Ɗanbaƙo, maharbi daga cikin Annan bakin gulbi, masu bin addinin gargajiya, zai je ganin ɗiyarsa a Katsina. Ba ya sallah, ba ya kuma ɓoyewa. Ya hawo da kwarinsa a nannaɗe cikin fata, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tela na kai. Na gani ga ƙusumbin bayanka." Kafin mu kai Ɗan Isa ya cinye mini rabin dakuwa, ya kuma san tarihin gidanmu duka.

Ɗan Isa nan ne duwan ɗin Faransa, shingen masu binciken kaya a bakin iyaka. Aka sauke mu, na shiga layi da lasafase ɗinmu, wato takardun izinin wucewa, wani ma'aikaci mutumin Dahome ya juya takardar Baba sau uku kamar mai gasa masa, sannan ya buga hatimi. Kafin in fito an ja tantin motar an ɗaure da waya, an matse bakin wayar da dalma. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Rana ta yi sanyi, aka ce sai gobe za mu wuce. Bayan magariba Garba ya zo ya ce, "Tsohonka ya ce a kawo mishi akwati."

Na nuna masa inda akwatin yake. Fara'ar nan ta ɓace daga fuskarsa. Ya ce, "Idi, wagga dalma ba mai taɓa ta sai Kano. In ta tsinke, ni da motar dut gidan kaso za mu kwana." Na koma wurin mutumin Dahome, na tattaro ɗan Faransancin da ya rage mini na roƙe shi. Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ya ce babbansu ya tafi Maraɗi da abin matse dalmar, in ya kwance ba shi da abin mayarwa. Garba ya ce in kwantar da hankalina, jibi da hantsi muna Kano.

Shi ya kai wa Baba labari, ina tsaye daga nesa kamar ɓarawon akuya. Baba ya ce, "Ba komi. Allah shi kai mu lahiya." Sai na ga ya sunkuya ya tsinci ƙwayar gyaɗa ɗaya daga cikin waɗanda suka zube gindin mota, ya jefa a aljihun gaba. Na zaci ci zai yi. Da asuba, bayan ya shafa addu'a, ya sake tsintar ɗaya ya jefa. A nan na gane lissafin me yake yi.

Daga Jibiya aka shiga ƙasar Ingilishi. Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, har kamannin fuska ɗaya, amma sai ka ji ana ce mana "mutanen Faransa", mu da ko ƙofar Faransa ba mu sani ba. Duwan ɗinsu kwastan suke ce masa, jandarmansu ɗan sanda, kuɗinsu sule. Muna barin shingen Garba ya karkata motar ta koma hannun hagu. Ɗanbaƙo ya cafki gwiwata ya ce direban nan ya sha wani abu. Na ce haka dokarsu take. Ya girgiza kai ya ce, "Mutanen da ka tahiya ta hannun da ba a cin tuwo da shi, Allah shi raba mu da shari'arsu."

Wani ɗan kwastan ya so ya zare kibiya daga kwarin don ya gani, Ɗanbaƙo ya ce ya duba da ido, in yana da ƙujewa a yatsa kada ya kusanci bakinta. Wannan ya jawo hirar dafi bayan mun hau. Ya ce ɗiyan wani icce ake dafawa, in ya shiga jinin barewa ba ta nisa, zuciyarta ce take tsayawa. Ya ce kakansa yakan ɗiga ɗan kaɗan, kamar kan allura, ya ba tsofaffin da ƙafarsu ta kumbura, su samu sauƙi. "Magani da dahi uwarsu ɗaya, ɗan tela. Awo ya raba su." Jin haka na kasa riƙewa, na kwashe maganar majo da ta gyaɗar aljihu na gaya masa.

Ya ce, "To mi kake jira? Ga ka ga shi."

Na ce, "Surukina na."

Ya ce su ma suna kunyar suruki, har sun fi mu, amma bai taɓa jin wanda ya ga maciji zai shiga rigar surukinsa ya tsaya neman ɗan aike ba. Duk da haka na roƙe shi ya yi mini wannan alfarma, ya ce zai gwada.

Takardu suka cinye mana yini, sai yamma muka shiga Katsina, muka sauka a zauren wani abokin Garba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, aka zauna za a ci, ni na ɗebi nawa na zagaya bayan mota. Mai gidan ya tambaya ko ina da wata cuta ce, da aka gaya masa dalili ya ce madalla, irinmu sun yi ƙaranci. Da safe na ga wani abu: mu a Maraɗi mun saba da kafe da dogon burodi mai ɓawon da ke yanka dasashi, su kuwa shayi ne da madara, burodinsu mai kusurwa huɗu, laushi kamar auduga, ka ci ɗaya ka rasa inda ya shiga.

Ɗanbaƙo ya cika alkawari. Na hango shi tsugune gefen Baba yana magana da hannu, Baba yana gyaɗa kai. Ya dawo ya ce, "Na hwaɗi mishi abin da na sani. Ya yi godiya, ya ce shi ba ya shan maganin mahalba, na likita yake sha, likita kuma ƙidaya ya ba shi, ba ya son ya koma da giɓi. Da na ce kai ka ji wata magana bakin majo, ya ce in da akwai ta da ka hwaɗi tun damana. Ka gani? Daga bakinka yake jiranta." Ya saɓa kwarinsa zai shiga gari, ya juyo ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ban sake ganinsa ba. Gyaɗa ta zama huɗu.

Jibin da Garba ya yi mini alkawari bai zo ba. Mun wuce Yashe kaɗan muka faɗa wani rami, sifirin motar ya karye. Garba ya bi wata mota neman ƙarfe, mu muka zauna a wani ƙauye kwana biyu. Mai garin ya ba mu tabarmi da rumfa, matan Fulani suna kawo nono, wata tsohuwa kullum sai ta aiko wa Baba da ɗumame don ta ce ya yi kama da mijinta. Mutanen kirki ne, amma ban san daɗin zaman ba. Ciwon kan Baba ya dawo, ya tamke rawani har jijiyar goshinsa ta fito, yana zaune yana jan carbi.

Sau uku ina tashi da niyya. Na tsara maganar a raina, na gyara ta, na sa mata gaisuwa a gaba da ban haƙuri a baya. Sai in je in tsuguna, shi kuma ya kawar da kai gefe yadda ya kamata suruki ya yi, sai in kasa farawa. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya ba ni ɗiyarsa, abin da kake shirin yi kuskure ne? Ta yaya kuma zan ce na riƙe saƙon likita wata huɗu? Wannan na biyun ya fi cina, gara in faɗi gaskiya. Ba kunyarsa kaɗai nake ji ba, har da tsoron kada girmana ya zube a idonsa. Sai in ce, "Baba, sannu da jiki," ya ce, "Yawwa," in tashi. Har na fara lallashin kaina cewa wataƙila ƙidaya kawai yake yi don ya gaya wa likita, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

A rana ta biyar da hantsi muka shiga Kano, gyaɗa takwas a aljihun Baba. Ga masu tambaya: i, na ga dalar gyaɗa, buhu kan buhu har sai hularka ta faɗi. Na ga jirgin ƙasa yana huci, na ga kekuna sun fi awakin Maraɗi yawa. Amma idona yana kan dalmar nan har wani akawu ya zo ya tsinke ta. Na jawo akwatin, na yi tunanin in cire kwalbar in ɓoye, makulli kuwa yana wuyan Baba.

A Fagge Sale ɗan Gwaggo ya tarbe mu. Aka fito da ita ana riƙe da hannunta, 'yar tsohuwa ƙarama. Ta shafa fuskar Baba tun daga goshi har gemu, ta kira shi da wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba, ta ce, "Ka tsufa." Ya ce, "Ke kuma kin zama Bakanuwa, ji bakinki." Suka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na fita waje, don ban taɓa zaton Baba yana da hawaye ba.

Bayan la'asar Sale ya ce Baba yana son ruwan sha, matan gida kuma suna ciki, sai na karɓi kwanon na kai masa zaure. Na tarar ya shimfiɗa hankici a kan buzu. Ya jera gyaɗar nan takwas a layi, gaban kowace ɗaya ya ajiye farar ƙwaya. Na tsuguna na miƙa ruwan da hannu biyu. Ya tattara ƙwayoyin a tafinsa.

Na ce, "Baba."

Ya tsaya, bai dube ni ba. Ya ce, "Na'am."

Ya jira. Wallahi ya jira ni. Ina jin kurciya tana kuka a kan katanga. Na ce, "Ruwan... na randa na, da sanyi."

Ya ce, "Madalla." Ya yi bisimilla ya watsa su a baki, ya kora.

Da magariba ya ce wa Sale kansa ya yi sakayau, rabonsa da jin haka tun Tsibiri. Na ji wani sanyi a raina, na ce ashe majo tsoratarwa ce irin ta ma'aikata. Na lura hancinsa ya toshe, idonsa ya yi ja, bai taɓa tuwo ba, yana ta gyangyaɗi a zaune, na ce gajiyar hanya ce.

Da asuba mutumin da yake riga ladan tashi bai tashi ba. Sale ya tashe shi da ƙyar. Ya ɗauki buta ya miƙe, taku biyu ya zube kamar an zare masa ƙashi. Na manta da wata kunya, na rungume shi, karo na farko da jikina ya taɓa nasa. Sanyi ƙalau, zufa ta jiƙa rigar, leɓensa ya yi fari. Sale ya samo mota muka kai shi asibiti.

Likita ya duba shi, wani malamin asibiti Bazazzagi, dattijo mai furfura a gemu, yana fassara. Ya tambayi abin da ya ci ko ya sha. Na miƙa kwalbar na ce takwas, a tashi ɗaya, jiya da la'asar. Ya gaya wa likitan, likitan ya ajiye alƙalaminsa. Malamin ya juyo ya ce, "Ba wanda ya gaya masa ba a haɗawa?"

Na ce, "An gaya mini ni."

"Kana ina ya sha?"

"Ni na kawo ruwan."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya kamo yatsuna uku ya ɗora a wuyan hannun Baba, ya ce, "Ji." Da farko ban ji komai ba. Can sai wani ɗan motsi, sannan shiru har ka fid da rai, sannan wani. Ya ce, "Ka ji zuciyarsa ke nan. Maganin nan aikinsa ya sassauta jijiya ya rage mata sauri. Ɗaya yana taimakonta. Takwas sun danne ta, jini ba ya isa kai, shi ya sa ya faɗi da ya miƙe. Ya riga ya bi jiki, ba a iya ciro shi, kuma yakan yi kwanaki bai sake mutum ba. Za mu yi abin da za mu iya." Suka yi masa allura, suka ɗaga ƙafafun gadon da bulo don kansa ya yi ƙasa. Tun da ma'aikata sun yi kaɗan, malamin ya ce in zauna in riƙe hannun, in na ji shirun ya yi tsawo in kira shi.

Kwana biyu ina riƙe da hannun nan. A rana ta uku da hantsi ya buɗe ido sosai, ya dubi rufin ɗakin, ya dubi hannunsa a cikin nawa. Na so in saki, ya ce, "Bari." Malamin ya zo ya yi masa bayani, ya ƙare da cewa, "Malam, sallah ake ramawa, ita ce ba ta yi wa mutum yawa. Wannan in ta wuce ta wuce." Da ya fita na ce, "Baba, ina da magana." Na faɗa masa duka, tun daga tagar majo har kwanon ruwa. Ina yi ina kuka kamar ba magidanci ba.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Idi." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, har na waiga. Ya ce, "Tun Ɗan Isa nike ganin bakinka na motsi. Na san da magana. Cikin zauren nan ma na so in ce maka, hwaɗi abin da ke ranka. Sai na ce ina ni ina tambayar mijin ɗiyata. Kai ka ji kunya, ni na ji girma. Kar ka ɗauki kayan ga kai ɗaya."

Kwana biyar da farfaɗowarsa ya ce a nemo mota, gida zai tafi. Likita kuwa ya ce sai ya ƙara mako biyu. Na ce, "Baba, ba za mu tahi ba." Sale ya zaro ido. Baba ya yi murmushi ya ce, "To, bakin ya buɗe." Muka zauna. Gwaggo takan zo kullum a zaunar da ita gefen gadon, su yi ta hirar mutanen Tsibiri da suka daɗe a ƙasa. Aka rage masa ƙwayar zuwa rabi, aka ce kwalbar ta zauna a hannuna.

A dawowa gaba muka shiga mu biyu, kafaɗa da kafaɗa, yatsuna a wuyan hannunsa. A Katsina muka ci tuwo a kwano ɗaya, shi ya ce in sa hannu. Ya ba ni labarin yadda mahaifiyar Dije ta rasu, da yadda yakan tsaya bayan darni ya saurari muryar Dije tana 'yar ƙarama, tun da ba shi da ikon ya ɗauke ta a gaban mutane. Da muka wuce Jiratawa ya ce in na ga maharbin nan in ce masa ya yi gaskiya. Muna hango rumbunan Tsibiri ya zare hannunsa a hankali, ya gyara rawani, ya ce, "Mun zo gida, mutumin Maraɗi." Na gane. Da mota ta tsaya na sauka na koma gefe, na sunkuyar da kai, 'ya'yansa suka kama shi.

Ran nan na gaya wa Dije komai. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar. Ta ce, "Ni ma na ji maganar majo. Wata huɗu ina kai mishi hura." Ba mu sake tayar da zancen ba.

Baba bai ƙara taka gona ba. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta, sallah a zaune. Kullum da sassafe nakan hau keke in je Tsibiri, in ba babban ɗansa rabin ƙwaya ya kai masa, in gaishe shi daga bakin zaure kamar da. Na koma wurin majo na tambaye shi ko takwas ɗin nan ne suka jawo. Ya ce, "Tsohuwar zuciya ta, Allah kaɗai ya san kwananta. Amma ba su taimake ta ba." Kwana goma sha tara da dawowarmu, ranar wata Laraba bayan azahar, Baba ya cika. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Sanin bai hana ni jin sanyin kwanon nan a tafin hannuna ba.

Ranar sadakar uku an cika ƙofar gida, mutanen Tsibiri da na Maraɗi, Dije da mata suna bayan zana suna jin komai. Bayan addu'a liman ya yi ta faɗin kirkin Baba, sannan ya nuna ni da carbi. Ya ce, "Ga kuma surukinshi, ku samari ku yi koyi. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ɗaga ido ya dubi marigayi ba. Har Kano ya kai shi ya maido, an ce ko kan hanya bayan mota yake cin abinci. Bai taɓa buɗa baki ya gyara mishi magana ba, ko sau ɗaya."

Jama'a suka ce Allah ya yi albarka. Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan rigata. Wani dattijo a gefena ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Ka gani? Ko yanzu kunyarshi yake ji."